Albasa a Cikin Takunkumi

Ranar Litinin ɗin da aka sake buɗe makarantu, cikin watan Oktoban 2020, ƙanwata Kulu ta riga kowa tashi a gidanmu. Shekararta shida, kuma ranar ce za ta fara shiga aji ɗaya, bayan watannin da cutar korona ta sa aka rufe ko'ina. Ta sa tsohuwar rigar makarantata da Inna ta rage mata, ta tsaya bakin rijiya tana leƙen fuskarta a cikin guga. Ni ina aji shida lokacin. Duk tsawon kullen, a ƙasar tsakar gida na koya mata baƙaƙe da tsinke, muna rubutawa kaji na bi suna tonewa, ita kuwa tana korarsu tana cewa sun cinye mata karatu.

Ƙauyenmu yana tsakanin Aliero da Jega, kuma albasa ce rayuwarmu. Ita muke dasawa, ita muke tsincewa a rumbu muna ware ruɓaɓɓiya, warinta na cikin zannuwanmu har na sallah. Ita ce kuma maganinmu. In zafi ya kawo sanƙarau, Inna takan raba albasa biyu ta ajiye a kusurwar ɗaki, ta ce tana shanye cuta kafin ta kai ga mutum. Saboda haka da Baba ya sayo mana takunkumi na ƙyallen atamfa daga kasuwar Jega, Inna ta farke na Kulu, ta cusa yankakkiyar albasa a tsakanin ƙyallen, ta ɗinke. Ni ba ta sa mini ba, ta ce na yi ƙwari. Kulu ce auta, mai raunin ƙirji tun tana goye. Inna tana ɗaura mata ta ce, "Kak ki hidda shi, kak ki gaya ma kowa. Magani in an hwaɗa ya karye."

Makarantar da muka tarar ba wadda na sani ba ce. An ɗauke randar da muke sha da moɗa guda, an girke bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, an raba bencina nesa da juna. An hana gaɗa, an hana cin abinci a kwano ɗaya. Malam Sahabi, malamin aji ɗaya, ya sa takunkumi biyu, ga bulala a hannu. An ce yayansa ya rasu a birni cikin watannin nan, kuma ko gawar ba a bari ya gani ba. Tsoro ne a idonsa, amma mu yara fushi kawai muka gani.

Ba a jima da shiga aji ba albasar ta fara aikinta. Idanun Kulu suka yi ja, hawaye na zuba, hanci na yoyo, sai atishawa a jere. Malam bai tambaye ta komai ba, bai kuma taɓa ta ba. Da kan bulala ya tura ta waje har gindin dogon yaron da ke tsakiyar fili, ya sa aka ɗebo toka daga murhun mai ƙosai, ya zagaye ta da ita. "Duk wanda ya tsallake wagga toka, shi da ni," in ji shi.

Sai da aka fita tara na gan ta. Tana zaune a tsakiyar da'irar, ta rungume jakarta, yara sun kewaye ta daga nesa suna tafi suna rera, "Kulu korona, ja can da cutarki!" Suka fara jifarta da 'ya'yan dogon yaro, sannan da hoge. Wani ya sa kara ya kifar mata da kwanon ɗumame, akuya ta zo ta cinye a gabanta. Ba ta yi kuka da murya ba, ba ta kuma cire takunkumin ba, ko da yake shi ke ƙona mata ido. Na ruga zan shiga, bulala ta same ni a ƙwauri. A nan na yi ihu, "Malam, ba cuta ba ce, albasa ce! Inna ta sa mata!"

Ya sa tsinin bulala ya fizge takunkumin, ɗinkin ya ɓalle, yankan albasa suka zube a ƙasa. Filin ya kece da dariya, har da wasu malamai. "Ku zo ku ga jahilci," in ji Malam Sahabi. "Miya aka aiko muna ko ɗaliba?" Na zaci shi ke nan, za a sake ta. Sai ya ce wa ya sani ko albasar kaɗai ce, ta zauna nan har a tashi. Ko zagayawa ba a bar ta ta yi ba. Da aka kaɗa ƙararrawa, rigar da Inna ta rage mata a jiƙe take, kowa kuma ya gani.

A hanyar gida ba ta bari na riƙe hannunta ba. Sai da muka kai gonakin fadama ta ɗago ta ce, "Yaya, kin hwaɗa, maganin ya karye. Yanzu mutuwa za ni yi?"

Ba ta mutu ba. Ko zazzaɓi ba ta yi ba, kuma ban san yaro ɗaya a makarantarmu da cutar ta kama ba. Amma sunan ya bi ta har rijiya, har dandali, inda 'yan mata suka riƙa janye hannu in layin tafi ya zo kanta. Ta yi 'yan kwanaki ana jan ta makaranta, daga nan ta koma ɓuya a rumbun albasa. Baba ya yi faɗa, ya yi duka, Inna ta ce a bar ta ta huce. Ba ta huce ba.

Yanzu ina jami'a. In na zo hutu nakan bi ta gefen makarantar. Randa ta koma wurinta, yara na sha da moɗa guda suna ture juna, bokitin mai famfo ya tsage an shuka barkono a ciki. Malam Sahabi ya yi furfura, yana amsa gaisuwata da fara'a, da alama bai tuna ba. Kulu ta zama budurwa ƙarama, babu mai saurinta a tsintar albasa, kuma har yaran da aka haifa bayan annobar, da sunan Korona suke kiranta, ba su san dalili ba. Kwanan baya na hango ta bayan rumbu tana rubuta sunanta a ƙasa da tsinke, baƙaƙen nan da na koya mata, ba ƙari. Tana jin takuna ta share da ƙafa.

Ruwan sama ya daɗe da wanke tokar nan, amma Kulu ba ta tsallako ba har yau.