Ɗigon da Ya Tsaya a Ƙofar Guga

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina sayar da waya a Ƙofar Kwaya cikin Katsina, wannan Asabar ɗin ba za ta taɓa fita raina ba.

Lokacin ɓarayi sun ishe ni. Wayoyin da nake jerawa a kan kanta don masu saye su dudduba, da na juya baya sai in ga babu ɗaya. Ni kuwa ga zafin zuciya. Sai na kunna wa kowacce manhajar da ke nuna inda waya take a taswira, ina ta cika baki wai ɓarawon da zai cuce ni ba a haife shi ba.

Ranar Asabar ɗin da hantsi aka ɗauke guda. Na duba taswira, ɗigon da ke nuna wayar ya tsaya cak a Ƙofar Guga, daidai gidan hayar wani ɗan acaɓa mutumin Batagarawa, wanda ya shekara shida yana ɗauko mini kaya daga tasha. Da safen nan ma ya leƙo shagon. Ban tsaya tunani ba, na kwashi 'yan kasuwa muka tafi. Ko sallama ban yi ba, na kutsa gidan matar aure da ƙarti a bayana. Muka birkice ɗaki, matarsa na kuka, maƙwabta sun cika ƙofa.

"Alhaji, mi na yi maka?" Abin da ɗan acaɓan yake ta maimaitawa ke nan. Ba mu ga komai ba, amma sunan ɓarawo ya riga ya bi shi. Wanda ya ba shi hayar babur ya karɓe abinsa, mai gidan ya tashe su.

Bayan kwana uku aka kama wayar a hannun wani baƙo, a gidan da ke jikin katangarsu. Ashe ɗigon bai san katanga ba.

Na bi ɗan acaɓan Batagarawa inda ya koma, na tarar yana ƙodago a gonar wani. Na durƙusa ina ba shi haƙuri. Sai ya ce, "Na yahe maka, Alhaji. Amma ran da ka zo kama ni, da jama'a ka zo. Yau kai kaɗai ka taho."

Na koma Ƙofar Guga ina bi gida-gida ina wanke shi, ba wanda ya tsaya ya saurare ni. Har yau akwai masu ce masa ɓarawon waya, kuma duk na ji sai baƙin ciki ya tokare ni. Na gane a makare cewa na'ura wuri kawai take nunawa, ba ta nuna mai laifi. Wayata ta dawo kan kanta, shi kuwa bai sake taka Katsina ba.