Yaƙin Jar Hula da Farar Hula

Shugaban ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, wani ma'aikacin gwamnati mai taurin kai, shi ya dage sai mun farfaɗo da wani tsohon wasan waƙa na yaƙin zamanin da. A da mutane fiye da ɗari ke yin sa. Mu kuwa a Badarawa, Keke Napep biyu sun ishe mu.

Dabarar da ya kawo ita ce hula. Masu kare gari farar hula, mahara jar hula. In an kashe ka, ka faɗi, ka yi amshin waƙa kana kwance, sannan ka ja ciki zuwa bayan labule, ka sauya hula, ka dawo abokin gaba. Kullum wurin gwaji faɗa yake mana wai ba mu iya mutuwa ba.

Ranar wasa, kalangu ya yi zafi, muka rikice. Na dawo da farar hula, na ɗaga takobin kwali, na duba dama da hagu: kowa fara ya sa. Ba wanda za a kashe, mu kuma muna ta rera waƙar ɗaukar fansa.

Sai shugaba ya figi jar hula ya faɗo fage shi kaɗai. Muka yi kansa gaba ɗaya, da duk haushin da muka tara. Maimakon ya faɗi, sai ya tattare babbar riga, ya ratsa 'yan kallo, ya yi titi.

Ashe duk cikinmu shi ne bai iya mutuwa ba.