Mai Ruwan Mairuwa

Ni dai karatuna a aji uku na sakandare ya yi faci, amma a shagon cajin waya na garin Sheme farfesa ake ce mini. A nan nake wuni shekarar da Kawu ya ce zai sayar da kwalekwalensa.

Kawu masunci ne a dam ɗin Mairuwa. Kifi ya ja baya, gwiwa ta fara tsami, wani mutumin Yankara kuma ya taya jirgin. Ni kuwa a cikinsa na koyi iyo da ƙarya, ban so a rabu da shi ba.

Wata Laraba ina latse-latse na faɗa wani shafin gwamnati na kiran masu zuba jari da 'yan yawon buɗe ido. Ga 'yan tutoci jere a sama. Ka taɓa wannan, rubutu ya koma Turanci, ka taɓa waccan ya zama Larabci, wata kuma ya rikiɗe kamar sawun kaji a rairayi. Har da gurbin da mutum zai tallata garinsu. Na rubuta: "Ku zo ku ga mai ruwa, akwai jirgi." Na sa lambata.

Daga nan fa na shiga mafarki ido biyu. Ina ganin 'yan Sin suna cinikin barkono a kasuwar Yankara, Larabawa sun naɗe jallabiya suna shiga jirginmu, ni kuma da baƙin tabarau ina yi musu tafinta da yaren da ban iya ba.

"Kai ɗan nema, mi kake ma murmushi?" in ji Kawu.

"Baƙi na tahe daga Sin, Kawu. Ka dakata da cinikin nan zuwa kaka."

"Su can ba su da ruwa ne?"

Amma ya dakata.

Dawa ta fara ja kafin wayata ta yi ƙara. Ba ɗan Sin ba ne, wani malamin makaranta ne daga kudu, da kyamara a wuya da Hausa gutsi-gutsi. Na kai shi bakin dam, na buɗe hannu na ce ga Mairuwa.

Ya girgiza kai. "Ina mutumin?"

Ya nuna mini wayarsa, na haɗa baƙaƙen da ƙyar. Ashe da na raba sunan garin biyu, tutar Turanci ta ɗauka ɗan garuwa nake nufi. Bawan Allah ya biyo hanya ne don ya ga mai sayar da ruwan da ya mallaki jirgi.

Ban ko ƙifta ido ba na nuna Kawu. "Ga shi nan, yallaɓai."

"Mi ya ce?" in ji Kawu.

"Ya ce kai ne mai ruwa."

"Subhanallahi! Mai ruwa Allah ne. Ce mashi ya shigo."

Kawu ya tuƙa mu a hankali. Balbelu na tashi daga gefen gonaki, gajimare ya kwanta a kan ruwa har ka rasa ina sama ina ƙasa. Baƙon ya ajiye kyamara ya tsoma hannu a ruwan. Da muka sauka ya ce zai kawo ɗalibansa.

Ranar kasuwa mai tayi ya dawo. Kawu ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, jirgin na da baƙi."

Har yau ban koma shafin na haɗe sunan garin nan ba.