Baba Yohanna da lens ɗin auren Rifkatu

Baba Yohanna ya rasu. Da safen nan 'yarsa Rifkatu ta kira ni, tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Na ɗora shayi na manta da shi, na fita bakin get na dawo, ban ma san abin da na je nema ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne ya koya mini ɗaukar hoto a ɗan shagonsa na Makera. Ranar da na fara ɓata masa aikin biki guda, bai zage ni ba. Masa ya saya mini, na cinye, sannan ya nuna mini inda na yi shirme.

Bara hawan jini ya taɓa masa hannun hagu. Babbar kyamararsa da dogon zum ɗin nan mai jawo abu daga nesa suka fi ƙarfinsa, sai ya koma ƙaramar kyamarar zamanin nan marar madubi a ciki. Ga auren Rifkatu saura 'yan makonni, shi zai riƙe ta ya shiga da ita coci, kuma ya kafe lallai da hannunsa zai ɗauki fuskarta suna cikin tafiyar. Na ce Baba, ai ina nan. Ya ce ni daga gaba zan tsaya, abin da uba ke gani daga gefe ba ni da labarinsa.

Makon jiya muka je wani shago a Barnawa neman lens, wato gilashin da ake ɗaura wa bakin kyamara. Ƙarami yake so, wanda ba ya zum, marar nauyi, wanda hannu ɗaya zai iya da shi, mai buɗewa sosai ya sha haske, don cocinsu da duhu-duhu kuma fasto ba ya son filasha.

Na nace a kan lens mai lamba hamsin, shi ke fitar da fuska tsaf. Ya ce da hamsin sai mutum ya ja baya, shi kuwa ina zai ja, alhali hannunta na cikin nasa?

Kawai sai ya saƙale hannuna ya ce in zama amarya. Ni da gemuna! Muka yi ta kai da kawowa a cikin shagon mutane yana ɗauka, mai shago na dariya har da riƙe ciki. Mai lamba talatin da biyar ya yanke mini goshi a hoton. Ashirin da takwas ya kama ni duka, har da kafaɗarsa a gefe.

Na ce daga kusa haka hancinta zai fito ƙato fa.

"Hancin gidanmu ne, dama can ƙato ne. Ba ni wannan."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Na sa shi a keke napep, ya rungume kyamarar a cinya yana ce wa direba ya bi da ramuka a hankali.

Ɗazu a waya, cikin kuka Rifkatu ta ce, "Yaya Bulus, to wa zai ɗauki hoton?" Sai haƙuri nake ta bayarwa kamar ni na yi laifi. Abin yana cin raina sosai, jama'a.

Ban san ko za a ɗaga auren ba, wannan maganar manya ce. Amma dai ƙanensa Baba Ayuba ne zai riƙe ta, mutumin da ko a waya ya ɗauki hoto sai yatsansa ya fito. In an gama jana'iza zan zauna da shi, in saita masa komai, ya yi ta dannawa har hannunsa ya saba. Ko hoton ya karkace, daga gefen nan za a ɗauke shi.

Ubangiji ya karɓi bawansa, ya ba shi hutu, ya ta'azantar da Mama da yara. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa Rifkatu a addu'a, ya haɗa da hannun Baba Ayuba, kada ya yi rawa ranar.