Moton Ɗan Farin Inna

Ranar kasuwar Barmu ce, a ƙarshen bazarar shekara ta biyu bayan an sauke tutar Faransa, Yaya Illa ya dawo daga Kurmi. Muna cikin aji muna rera sunayen kogunan da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu, sai muka ji kasuwa ta yi tsit. Mushe, malamin ajinmu, ya leƙa ta taga, ya manta da mu, mu kuma muka bi bayansa. Can muka hango Yaya da baƙin tabarau da tsukakken wando, gumi ya jiƙa shi sharkaf, yana turo wani jan moto, wato babur, a cikin rairayi. Tun daga fadama ya mutu masa. Haka moton nan ya shigo garinmu, ana tura shi, kuma da muna da hankali da tun ranar mun ɗauki darasi.

A lokacin, namijin ƙasarmu ta Adar in an gama girbi sai ya ɗaura kaya ya nufi bakin teku, wurin da muke kira Kurmi, ya dawo kafin shuka in ya ga dama. Yaya yana can Abijan yana ɗaukar siminti Baba ya rasu, gonar ta koma hannun Inna da ni da ƙanne biyu da ba su kai tsawon kalmen noma ba. Wasu 'yan Kurmi sun dawo da bargo da akwatin ƙarfe da keke. Shi duk abin da ya tara ya zuba a moton wani magini ɗan Italiya da zai koma ƙasarsu. Ya ce ya gama da Kurmi. Da damina zai yi noma, da rani ya riƙa kai mutane da saƙo tsakanin Barmu da Tawa. Gidanmu kaf ya gane maganar: muddin moton na tafiya, muna da namiji a gida.

Sai dai wanda ya ƙera shi bai taɓa jin labarin Adar ba. Don tsere a kan kwalta aka yi shi. Hannuwansa suna can ƙasa, mai tuƙi sai ya duƙa kamar yana ruku'u. Bitesi na canza gudu a ƙafar dama, birki a hagu, abin da ya kifar da duk wani mai ƙarambani da ya ce a ba shi ya gwada. Mazauninsa siriri ne, gajere. Fasinjan farko, wani mai sayar da fata, ya sauka a rabin hanya ya ce ya yafe, zai jira jaki. Tsofaffin bakin masallaci suka duba, suka yanke hukunci: "Wanga doki na wanda ba shi da dangi ne." Babbar matsalar kuwa bakin karburato ce, wurin da injin ke shaƙar iska. A buɗe yake wangale kamar bakin kakaki, babu matata, a ƙasar da ko tuwo sai an ci da rairayi.

A nan Inna ta shigo. Yaya ɗan farinta ne, kuma Inna mace ce mai kunya irin ta da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake, ba ta duban fuskarsa. A ɗakin kakarmu ya girma. Da moton ya zo sai ta sami hanyar da ba ta taɓa samu ba. Ta sa wa Yaya suna "mai ƙarhe", ni kuma na zama 'yar aike ko da suna tsakar gida ɗaya. Ita ta yage gefen kallabinta aka ɗaure bakin karburato. Ƙyallen ya yi kauri, injin ya shaƙe, ya yi baƙin hayaƙi, buji mai ba shi wuta ya yi kunkunniya. Aka sa mai shara-shara, rairayi ya wuce abinsa. Ta bi ƙyallayen gidan nan ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga su ga rana, tana hura su da baki. Har ta iya jin injin daga bakin turmi. Sai ta tsayar da taɓarya ta ce, "Dije, ce ma mai ƙarhe yau tarinai ya yi yawa." In ya yi yamma bai dawo daga Tawa ba, ba za ta tambayi inda yake ba. Sai ta ce wa kaji, "Hanyag ga ƙaya gare ta." Nawa aikin bayan lakwal, wato makaranta, shi ne kankare buji da tsinken kaba, tace esansi, man da yake sha, da nutsa robar cikin taya a ƙwarya don neman huda, da ruwan da na sha wuya na jawo daga rijiya mai zurfin gaske.

Daminar nan ya yi noma kamar mai ramuwa, rumbu ya cika. Sau ɗaya ya ɗauke ni. A cikin rairayi moton sai kaɗa gindi yake yi, Yaya na tokare ƙasa da ƙafafu biyu, ina jin zafin injin a ƙwauri. Da muka hau fako, inda ƙasa take ja da tauri, sai abin ya farka. Muryarsa ta koma siririya, itatuwa suka zama zane, iska ta ƙwace mini numfashi. Yaya ya kwanta a kan tanki yana dariya shi kaɗai. Ban taɓa jin ya yi irin dariyar nan a gida ba, kuma ita ta fi gudun ba ni tsoro.

Bayan girbi kik, abin takawa a ta da injin, ya fara laushi. Da, sai Yaya ya hau da dukan nauyinsa kafin ya taka. Yanzu ƙanena ma sai ya tura shi da hannu. Hayaƙi ya koma shuɗi, kowace safiya 'yan lakwal ne ke tura shi har ya kama. Aka ɗora shi a mota zuwa Tawa, wurin wani makanike ɗan Dahome. Mutumin ya buɗe injin, ya shafa ciki da yatsa, ya nuna wa Yaya: rairayi ya cinye zobban fistan. Babu irinsu a Tawa, babu a Ƙonni, an aika Sakkwato babu. Ya goge na wani moton Faransa ya sa, suka kai shi bayan gari suka karye. Ya ɗaga kafaɗa ya ce sai Abijan.

Lokacin kuwa 'yan Kurmi na ɗaure kaya. Yaya ya ce zobba kawai zai je ya ɗauko, kafin shuka yana gida. Kawu ya yi masa magana, ya ce to. Ni na yi kuka, ya saya mini alewa. Kowa ya san mutum ɗaya ce in ta ce ya zauna ba zai ƙetare ba. Da safen tafiya ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, ta ba shi baya tana tankaɗe, ni ina tsaye a tsakaninsu.

"Dije, ce mishi..." Ta ci gaba da tankaɗe har na ɗauka ta fasa. "Ce mishi ƙarhe in ya daɗe ajiye, tsatsa shika yi."

Na faɗa, ko da yake ya ji.

"Ce ma Inna a riƙa taka mishi kik ranar Juma'a, a ɗiga mai a ramin buji, kada shi kahe."

Na faɗa. Bai tashi ba. Ya daɗe a tsugune yana zane a ƙasa da yatsa, ita kuma tana ta tankaɗe garin da ya riga ya ƙare a rariya. Mai mota ya yi oda daga kasuwa, Yaya ya miƙe.

Shuka ta zo, bai zo ba. Muka koma gona mu huɗu. Duk bazara in 'yan Kurmi sun sauka, Inna takan je yi musu barka da zuwa, ta tambayi hanya da gajiya, sai ta tashi tafiya ta ce, "An samu zobban?" Su kuma su sunkuyar da kai su ce ana nema. Sun san ya yi aure can, ita ma ta sani. Ba ta fasa aikin Juma'a ba, da hannu take danna kik ɗin don ba ta yarda ta ɗora masa ƙafa. Saƙon rasuwarta a Abijan ya same shi.

Yau Tawa cike take da kabu-kabu, zobban fistan suna rataye a kowace rumfa kusa da mai shayi. A bakin titi nakan ji matashiyar uwa ta kira ɗan farinta a waya, ta ambaci sunansa gatsau, ta ce ya dawo gida yanzu-yanzu ko ransa ya ɓaci. Sa'o'ina suna cewa kunya ta ƙare a duniya, ni ma na sha faɗin haka a gaban allo ina koyarwa. Amma nakan rage tafiya in saurara har ta gama.