Sunan da Rekiya Ta Haɗiye

Duk mai sayen nono a kasuwar Garatu ya san Rekiya, doguwar nan mai wushirya wadda ba ta yi wa nononta haɗi da ruwa. Gefen ƙwaryarta kullum akwai yarinya zaune a kan buhu, tana jijjiga jiki gaba da baya, tana murza murfin kwalba a tafin hannu. 'Yarta ce ta fari, Zakiyya. Shekararta tara, ba ta taɓa buɗe baki ta ce Inna ba.

Babu maganin da ba a yi ba. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an yi wanka da saiwa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce 'yar ruwa ce, a kai ta bakin rafi. Masu wannan shawarar kuwa ko ruwan sha ba su taɓa miƙa wa yarinyar ba.

Charity ce ta kawo labarin cibiyar. 'Yar kudancin Kaduna ce, tana sayen kindirmo a wurin Rekiya, tana kuma aikin shara a wata cibiyar yara masu lalurar ƙwaƙwalwa a Shango. Ta ce a can ana koya wa irin Zakiyya riƙe cokali da sa riga da nuna hoton abin da suke so, iyaye mata kuma su zauna ranar Alhamis su sauke abin da ke cikinsu. Masu bincike sun zo, za su ɗauki yara ashirin 'yan ƙasa da shekara goma kyauta, muddin uwa za ta riƙa maimaita darasin a gida. Rekiya ba ta da dogon buri. Ita dai ta ga 'yarta ta iya cewa tana jin ƙishi kafin ita ta bar duniya.

Ranar tantancewa mijinta yana wajen shanu can Wushishi, sai Kawu, ƙanin surukarta, ya raka ta. Ya zauna a ɗakin gwajin ya dogara sandarsa. Ma'aikacin, wani matashi mai suna Ebenezer, yana da fara'a da Hausar kasuwa da takarda mai layi-layi.

"Mama, kira shi da suna," in ji shi. "Muna so mu gani ko zai juya."

Rekiya ta sunkuyar da kai. A gidan da ta tashi, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle a gaban suruki. Shekara tara tana goya yarinyar nan, tana wanke mata kashi, tana tauna mata nama, amma sunan bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Ke," ta ce a hankali.

"A'a Mama, suna. Mene ne sunansa?"

Ta saci kallon Kawu. Kawu ya gyara hula, ya kafa wa bango ido, yana jin daɗin tarbiyyar matar ɗansu. Kalma ɗaya daga gare shi da ta isa, amma bai ga abin gyara ba. Sau uku Ebenezer yana tambaya, sau uku sunan yana zuwa maƙogwaronta tana haɗiye shi. Ya ce ta rungumi yarinyar su yi wasa, ta kau da fuska. Ya yi rubutu, ya yi musu godiya.

Bayan sati biyu Charity ta zo kasuwa ba ta ko taya kindirmo ba. Ta ce an rubuta cewa uwa ba ta ba da haɗin kai, ba ta ma kula da yarinyar. Ta ce ita da kanta ta je ta yi wa masu binciken bayani, suka ba da haƙuri, suka ce an riga an cike gurbi, sai baɗi. Baɗi kuwa Zakiyya ta cika goma. Mutanen da suka yi karatu har suka iya auna ƙwaƙwalwar yaro, ba wanda ya tambayi dalilin shirun uwa. Rekiya ta ji haushinsu, ta ji haushin Kawu, amma haushin kanta ya fi ci mata rai.

Washegari a tsakiyar kasuwa ta juya ta ce, "Zakiyya." Yarinyar ta ci gaba da murza murfinta. Matan rugarsu suka kama baki, suka ce zaman kasuwa ya cire mata kunya. Kullum sai ta kira, tana gwada ɗan abin da Charity ke gani a cibiya in tana shara ta kawo mata.

A wata na bakwai, ana tsakar ciniki, ta kira kamar kullum. Murfin ya tsaya. Zakiyya ta ɗago ta dube ta ido cikin ido. Rekiya ta waiga hagu da dama tana neman wanda ya gani. Babu kowa sai wani mai acaɓa da ke miƙo mata kwano, yana cewa ta yi sauri.