Fuskokin da Aka Sa Maigidana Ya Goge

Maigidana mai ɗaukar hoto ne a Kafanchan, kuma rabin aikinsa na jana'iza ne. A wajenmu ba a rufe akwatin gawa sai mai hoto ya ɗauki fuskar mamaci, sannan iyali su jeru a ɗauke su. Baƙo yana ganin abin banbarakwai. Mu kuwa mun san dalili: manomi yakan gama rayuwarsa bai taɓa tsayawa gaban kamara ba, kullum sai ya ce a bari sai bayan girbi.

Shekarar da aka kai hari wani ƙauye kusa da Godogodo, faston garin ya kira shi ranar da za a binne mutanen. Cikin matan da suka rasa maza akwai wata mai tsohon ciki. Ta riƙe masa riga ta ce ya ɗauki mijinta da kyau, ba shi da hoto ko ɗaya a duniya, kuma tana so abin da ke cikinta ya san fuskar ubansa. Ya yi mata alkawari.

Da ya dawo, ya sa hoton jerin akwatunan a shafinsa na intanet, kamar yadda yake yi wa kowace jana'iza, don dangi na nesa su gani. Bai rubuta komai ba banda addu'ar Ubangiji ya ba su hutawa. Bai ma kai ga wanke hotunan ba jami'an tsaro suka dira shago, suka tafi da shi da kamara da kwamfuta.

Wai dokar tsaro ta hana yaɗa abin da zai tayar da hankalin jama'a. Har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake. Wane hankali ne ya rage a kwance a garin da aka haƙa rami ɗaya aka jera mutane? Waɗanda suka yi kisan ba mu ji an kama ko ɗaya ba, amma ga ƙaton mai laifi an samu, mutumin da ko kaza sai ya kira maƙwabci ya yanka masa.

Na yi ta sintiri da kular abinci zuwa inda suka tsare shi. Na tambayi wani jami'i wane sashe na dokar mijina ya taka.

"Madam, doka ce, ba mu muka rubuta ba," in ji shi. "Ki ci gaba da tambaya, za ki kwana a nan ke ma."

Sai da dattawan coci suka yi ta roƙo kafin aka yarda a sake shi, da sharaɗin ya goge duk hotunan ranar a gabansu, da hannunsa. Ya roƙa a bar masa fuskokin kawai, ya ba iyalansu su rataye a ɗaki. Suka ce duk hujja ce. Ban taɓa jin inda ake goge hujja ba, amma haka aka yi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa.

Bayan damina matar ta zo shago da jariri a baya. Ina wurin. Maigidana ya ba ta kujera, ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗa mata gaskiya. Na zaci za ta yi kuka ko ta zage mu, kuma da ta yi hakan da na fi samun sauƙi. Sai ta kwance goyon, ta juyo da fuskar yaron wajensa.

"Ba komai, Baba. Amma kai ka duba shi sosai a kamara ranan nan. Ni fuskan shi ya fara ɓace mini. Yaron nan ya yi kama da shi?"

Mutane da yawa ya ɗauka a ranar, kuma ya sha gaya mini fuskokin duk sun cakuɗe masa. Ya daɗe yana kallon jaririn.

"Sak," in ji shi. "Har hancin."

Ta yi godiya, ta mayar da ɗanta baya ta tafi tashar mota.